Kurakuran da muke yi in muna maganar Carey Price da gololin hokin ƙanƙara na Kanada

Jama'a tunda na zauna a Montreal na fara bin wannan wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda a nan hoki kawai kowa yake ce masa, babu ɗan wasan da na ga 'yan uwanmu sun fi zalunta da baki irin gola, musamman ma Carey Price da ya tsare ragar Montreal Canadiens daga 2007 zuwa 2022. Duk zaman da aka ɗauko zancensa sai wani ya ce ai bai ci kofi ba, wani ya ce kuɗin banza ya ci, wani ya ce kullum yana jinya. Kuma ni ma wallahi a shekarun farko haka nake magana, don da idon ƙwallon ƙafa na shigo. Sai da yarona ya nace shi gola zai zama a ƙungiyar yara ta unguwa, na dinga zama a bencin nan mai sanyi ina kallo kusa da kusa, sannan na gane inda muke ɓata lissafi.

Babban kuskure shi ne wannan idon ƙwallon ƙafar. Mutum zai ga raga 'yar ƙarama, faɗinta ƙafa 6 tsayinta ƙafa 4, ga gola ya sha kaya jibgi kamar ya cike ta, sai ya ce toh me zai hana ya tare, ai ko jaki aka ɗaure a wurin zai tare. Ranar da na fara riƙe abin da ake bugawa a hannuna na daina wannan maganar. Fak suke ce masa, ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri kamar dutse, faɗinsa inci 3, nauyinsa wajen giram 170, kuma a manyan wasanni sai an saka shi a firiza ya daskare kafin a buga don kar ya dinga tsalle. A NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, akwai masu harba shi da gudun da ya haura kilomita 160 a awa. Ga mutane biyu uku sun tsaya a gaban gola da gangan don su kare masa gani, ga wani ya ɗan sa gora ya karkatar da shi a hanya, kuma a wasa ɗaya na minti 60 za a iya harba masa wajen 30. A ƙwallon ƙafa gola zai iya yin rabin lokaci bai taɓa ƙwallo ba, nan babu wannan hutun. Gyaran mai sauƙi ne, in an ci gola kar ka yanke hukunci da kallo ɗaya, ka jira a maimaita, ka duba daga ina aka harbo, ka duba ko an yi fasin daga wannan gefen zuwa wancan dab da harbin, ka duba ko ya ma ga tahowar abin. In duka ukun suna kansa to laifinsa ne, in kuwa an bar mutum shi kaɗai a bakin raga to ka nemi 'yan baya.

Sai ƙaramin kuskure amma da ake yawan yi a rubutu, haɗa Canadiens da ƙungiyar ƙasar Kanada. Canadiens kulob ne na birnin Montreal, ɗaya daga cikin 7 na Kanada a gasar NHL mai kulob 32, sauran duk a Amurka suke. Price ya buga wa duka biyun, kuma sakamakonsa a wuraren biyu ba iri ɗaya ba ne, to in za ka kawo nasara ka faɗi da wace riga.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na kofi. Wai bai ci Stanley Cup ba, wato kofin zakaran NHL, saboda haka ba gwani ba ne. Gaskiya ne bai ci ba, babu mai musu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gola ba ya zura ƙwallo, iyakarsa ya hana. Roberto Luongo ya ci wasa 489 a NHL bai ɗaga kofin nan yana ɗan wasa ba, kuma a 2022 aka saka shi cikin zauren gwanayen hoki. Curtis Joseph wasa 454, shi ma babu. Sannan Montreal wuri ne da nauyin tarihi yake danne gola, kofi 24 suke da shi, na ƙarshe a 1993, kuma duk wanda ya tsaya a ragar nan ana auna shi da tsofaffin gololin kulob ɗin, Jacques Plante da Ken Dryden da Patrick Roy. Dryden ya ci kofi 6 cikin shekarun 1970, amma ka je ka duba waɗanda suke gabansa a lokacin, ƙungiya ce da ba a taɓa samun irinta da yawa ba. Price bai samu irin wannan gatan ba.

In kana so ka ga abin da yake yi in ya samu 'yan wasa na ƙwarai a gabansa, duba Olamfik na Sochi a Rasha a 2014. Wasa 5 ya tsare wa Kanada, ƙwallo 3 kacal aka ci shi, ya hana Amurka ci a kusa da na ƙarshe aka tashi 1 da 0, ya hana Suwidin a na ƙarshe 3 da 0, suka tafi da zinare. A 2016 kuma ya ci Kofin Duniya na hoki da Kanada. In kuma kana so ka ga abin da ƙungiya take zama in babu shi, duba kakar 2015 zuwa 2016, Montreal suka fara da cin wasa 9 a jere, shi ya buga wasa 12 ya ci 10, sai gwiwa ta tafi a watan Nuwamba a wasansu da New York Rangers, daga nan bai sake dawowa ba a kakar, ƙungiyar da ake ganin ita ce kan gaba ta zube har ta kasa shiga zagayen fidda gwani. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni a wurina wannan kakar da bai buga ba ta fi duk wani kambu bayyana ko shi wanene.

Toh da me za a auna, tunda ba kofi kaɗai ba? Nan ma akwai wani ramin, mutane suna ɗaukar yawan wasan da ya ci ko kuma matsakaicin ƙwallon da ake cinsa a wasa su tsaya a nan. Duka biyun rabinsu aikin ƙungiya ne. Bari in ba ka misali, gola na farko an harba masa 40 an ci shi 3, na biyu an harba masa 20 an ci shi 2. A ido na biyu ya fi, ai 2 bai kai 3 ba, amma na farko ya tare 37 cikin 40, wato .925, na biyu ya tare 18 cikin 20, wato .900, kaga na farko ne ya yi aikin. Wannan lambar ta kason tarewa ita za ka fara nema. Kuma kar ka raina ɗan bambancin da kake gani bayan ɗigo, don ni da farko gani nake .910 da .933 ai duk ɗaya ne. Ka ɗauka an harba wa mutum 2,000 a kaka, mai .910 an ci shi 180, mai .933 an ci shi 134, bambancin ƙwallo 46 kenan a gasar da wasanni da yawa da ƙwallo ɗaya ake rabuwa. Wannan .933 ɗin shi Price ya yi a kakar 2014 zuwa 2015, wasa 66, ya ci 44, matsakaicin 1.96, sau 9 ba a zura masa ko ɗaya ba. A shekarar ya haɗa Vezina ta golan da ya fi kowa, da Hart ta ɗan wasan da ya fi amfani ga ƙungiyarsa a duk gasar, da Ted Lindsay wadda 'yan wasa da kansu suke zaɓa, da Jennings ta golan ƙungiyar da aka fi ƙarancin zura wa ƙwallo, wadda suka raba da Corey Crawford na Chicago. Hart ɗin nan ba kasafai gola yake samu ba. Ko ita kason tarewar ma ka haɗa ta da kallo, don harbi daga nesa da gola yake gani ƙarara ba ɗaya ba ne da wanda aka yi masa a hanci.

Akwai kuma gaggawa, kuma wannan ba mu kaɗai muke yi ba, 'yan Montreal ɗin kansu sun yi. A 2005 aka zaɓi Price na 5 a zaɓen matasa na NHL, shekarar da Sidney Crosby ya zo na 1. Shi wannan zaɓen ba sayen ɗan wasa ba ne irin na Turai, kulob ne yake ɗaukar haƙƙin yaro ɗan shekara 18, yaron kuma yawanci komawa yake ƙaramar gasa ya ci gaba da koyo. Price ya ƙara shekara 2 a Tri-City Americans, a 2007 ya ci zinare da matasan Kanada a Suwidin, a shekarar dai ya je Hamilton Bulldogs ya ci musu Calder Cup, kofin gasar da take ƙasa da NHL, sannan ya fara NHL a watan Oktoba. Sai kowa ya ɗauka shikenan sabon Patrick Roy ya zo. Ina, shekara biyu ana tangal-tangal, a 2010 ɗayan golan kulob ɗin, Jaroslav Halak, ya ƙwace ragar ya fitar da Washington da Pittsburgh a zagayen fidda gwani, gari ya ɗauka, kawai sai shugabannin kulob suka tura Halak St. Louis suka riƙe Price. Ranar wasan share fage na farko bayan nan, wasan da ba maki a ciki, magoya bayansa na gida suka dinga yi masa ihu. Yaron yana da shekara 23. A kakar ya buga wasa 72 cikin 82 ya ci 38.

Gola a hoki a makare yake nuna, kamar dabino. Jordan Binnington an zaɓe shi a 2011, bai fara tsare raga daga farkon wasa a NHL ba sai Janairun 2019 yana ɗan 25, kuma a watan Yunin shekarar ya ɗaga kofi da St. Louis. Ed Belfour da Curtis Joseph babu ma kulob ɗin da ya zaɓe su. Shi kansa Roy na 51 aka ɗauke shi a 1984. Saboda haka in ka ga gola ɗan 21 ko 22 yana shan ƙwallaye kar ka rufe littafinsa, ka ba shi zuwa 25 ko 26, kuma ka duba wanene kocin gololinsa, don mutane ba sa kula da wannan. Roy yana da François Allaire, shi kuma Price shekarunsa mafi kyau sun zo ne bayan Stéphane Waite ya zo Montreal a 2013.

Wani kuskuren, fara labarin daga ranar da ya shiga NHL kamar daga sama ya faɗo. An haife shi a Vancouver ranar 16 ga Agusta 1987 amma a Anahim Lake ya tashi, wani ɗan ƙauye can cikin British Columbia. Mahaifiyarsa ta shugabanci al'ummar Ulkatcho, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, mahaifinsa kuma gola ne da Philadelphia ta zaɓa a 1978 amma bai kai ga buga NHL ba. Ƙungiyar yara mafi kusa tana Williams Lake, wajen kilomita 320, ya fi Kano zuwa Kaduna nisa, kuma uban haka yake tuƙa shi zuwa da dawowa cikin hunturu har daga baya ya nemi ɗan ƙaramin jirgin sama yana kai shi. Ni da nake kai nawa filin da bai wuce minti 15 ba da asuba, ina goge ƙanƙara a gilashin mota yatsuna sun sandare, na san me wannan yake nufi. In za ka rubuta tarihin gola ɗan Kanada ka bar wannan sashen, ka bar rabin labarin.

Yanzu maganar jinya, inda na fi so a saurare ni. Ana cewa raki gare shi, kullum gwiwa. Ɗan uwa ka taɓa kallon yadda golan zamani yake tsaron raga? Salon da ake kira na malam buɗe littafi, wanda Roy da Allaire suka yaɗa a shekarun 1980, shi ne mutum ya zube kan gwiwoyinsa biyu ya baje ƙafafu gefe da gefe su rufe ƙasan raga, cinya ta murɗe ciki, sannan daga nan ya tura kansa gefe da ƙafa ɗaya ya miƙe ya sake zubewa. Wata rana a atisayen yarona na zauna ina ƙirga sau nawa ya zube, kafin a yi rabin awa na wuce 60 na daina, da muka dawo gida yana cire kayan na ga gwiwar ta yi ja, rigar ciki sharkaf da gumi duk da sanyin wurin. Yaro kenan mai ɗanyen ƙashi. Ka ɗora wannan a kan babban mutum, kusan kullum, shekara 15, wasa 712 ban da atisaye ban da zagayen fidda gwani. Jiki da jini ne. Kuma ba duka ne ma gajiya ba, a 2014 a wasan farko na ƙarshen yankin Gabas Chris Kreider na Rangers ya zo da gudu ya afka masa a cikin raga, daga nan bai sake buga zagayen ba, Montreal suka fita. Abin da za ka gyara a nan shi ne tambayar, maimakon me yasa yake yawan jin ciwo, tambayi wasa nawa aka ɗora masa a shekara kuma waye mataimakinsa. Gola Martin Brodeur ya sha buga wasa 70 da wani abu a kaka ya tara nasara 691, amma shi salonsa daban ne, ba ya yawan zubewa kamar na bayansa, kuma yanzu kulob da yawa sun koma raba aikin tsakanin gola biyu don sun ga abin da yake faruwa.

Kuɗi kuwa, eh, a Yulin 2017 ya sa hannu a kwantiragin shekara 8 kan dala miliyan 84, wato 10.5 duk shekara. Kuskuren shi ne kwatanta shi da albashin 'yan ƙwallon Ingila ko kuma cewa ai kuɗin mai kulob ne ina ruwanmu. A NHL akwai iyakar abin da kulob zai kashe kan albashi gaba ɗaya, shekarar da kwantiragin ya fara aiki iyakar dala miliyan 79.5 ce, kaga mutum ɗaya ya ɗauki wajen kashi 13 cikin 100, abin da ya rage shi za a nemo masu cin ƙwallo da shi. Wanda ya ce kwantiragin ya yi tsawo ga mai shekara 30 da tsohon ciwon gwiwa, ina tare da shi, magana ce mai hujja. Amma wannan hukunci ne kan waɗanda suka rubuta takardar, ba ya rage komai daga abin da ya yi a raga. Kuma a cikin kwantiragin nan ne a Maris 2019 ya wuce Plante mai nasara 314 ya zama golan da ya fi kowa cin wasa a tarihin kulob ɗin, ya ƙare da 361. A cikinsa ne kuma a 2021 ya ɗauki ƙungiyar da babu wanda ya sa ta a lissafi, a zagayen fidda gwani inda wanda ya fara cin wasa 4 ne yake wucewa, Toronto tana gaba da wasa 3 da 1 suka juyo suka fitar da ita, suka share Winnipeg 4 da 0, suka fitar da Vegas a wasa 6, sai a ƙarshe Tampa Bay ta fi ƙarfinsu 4 da 1. Daren da aka fitar da Vegas ban yi barci ba sai wajen asuba saboda hon ɗin motoci a titinmu.

Bayan nan ne abin da wasu suke tsallakewa wasu kuma suke yi masa dariya, duka biyun kuskure ne. An yi masa aiki a gwiwa a Yulin 2021, a Oktoba ya shiga shirin taimakon 'yan wasa na NHL da kansa, a Nuwamba ya fito ya gaya wa duniya cewa ya je gidan jinya ne saboda shaye-shaye, daga baya ya bayyana cewa giya ce. Mu da muke ɓoye irin wannan a gidajenmu har sai yaro ya lalace gaba ɗaya, bai kamata mu ne masu yi wa wanda ya nemi magani gori ba. In ka zo wannan gaɓar a hira ko a rubutu ka faɗe ta yadda shi ya faɗa, kar ka ƙara gishiri kar kuma ka share, ka haɗa da cewa ya dawo, kuma a 2022 an ba shi kambun Bill Masterton na juriya da sadaukarwa.

Sai a kula da kalmar ritaya, na ga an rubuta ya yi ritaya a 2021, wasu 2022. Bai sanar da ritaya a lokacin ba, kwantiraginsa yana da sauran shekaru har 2026, an dai saka shi ne a jerin masu doguwar jinya saboda gwiwar ta ƙi. Abin da za ka rubuta daidai shi ne ya dawo a Afrilun 2022 ya buga wasa 5, na ƙarshensu ranar 29 ga Afrilu a gida a Montreal da Florida, aka tashi 10 da 2, Canadiens ne da nasara, kuma ita kaɗai ce nasararsa a wannan kakar.